Taswirar tsohuwar amfilifaya ba abin ɓoyewa ba ce



Mai gyaran tsohuwar amfilifayar gita, kafin ya taɓa waya ɗaya, taswirar haɗin wayoyinta yake nema. In babu ita, lalube zai yi cikin duhu, a akwatin da wutarsa kan haura bolt 400.

A ganina, ɓoye irin wannan taswira asara ce. A 1962, Jim Marshall da ma'aikatansa a Landan sun bi tsarin Fender Bassman ta Amurka, suka sauya lasifika, sai ga JTM45 da muryarta daban.

Haka rubutu yake. Ku warware littattafan magabata, ku ga yadda aka haɗa su. In kun gane, ku koya wa na baya.