Wanda Ya Ci Ladan Kuturu

Sanin kowa ne cewa kuɗin da ake gina hanyar mota da shi daga aljihun jama'a yake fitowa, ba tare da an tambayi mai biyan haraji launin fatarsa ko addininsa ba. Saboda haka ɗan kwangilar da ya karɓi wannan kuɗi ba shi da hurumin ya ce waɗansu daga cikin masu kuɗin ba za su ci abinci a wurin aikin ba. Ƙasar Amurka ta daɗe tana gwagwarmaya da wannan magana, kuma abin da ya auku can a 2025 ya isa a tsaya a duba.

A 1956 ne Majalisar Dokokin Amurka ta amince da gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000, gwamnatin tarayya tana biyan kashi 90 cikin 100. Aiki ya samu, amma ba kowa ya samu ba. Ƙungiyoyin ƙwadago na masu sana'ar gini, waɗanda ta hannunsu ake ɗaukar ma'aikata, da yawansu sun rufe ƙofa ga baƙaƙen fata. In an ɗauke su, sai a bar su da diga da shebur, sana'o'i masu albashi mai tsoka kuwa sai su zama na waɗansu.

An yi maganin abin ta hanya biyu. Ta farko ita ce doka. Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ta haramta bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata, ko addini, ko jinsi, ko asali. Dokar hanyoyi ta 1968 kuma ta wajabta wa kowace jiha ta ba da tabbacin za a yi adalci wajen ɗaukar ma'aikata kafin a amince mata da aikin hanya na kuɗin tarayya. Ta biyu ita ce umurnin shugaban ƙasa mai lamba 11246, wanda Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 24 ga Satumba, 1965. Wannan umurni ya zarce hani, ya ɗora wa ɗan kwangila nauyin ya tashi ya nemo waɗanda aka daɗe ana tsallakewa. A ƙarƙashinsa ne gwamnatin Richard Nixon ta kafa wa sana'o'in gini shida ma'auni a birnin Filadelfiya a 1969, aka kuma sa burin mata su sami kashi 6.9 cikin 100 na sa'o'in aikin gini a 1978.

Abin da ya ba tsarin ƙarfi shi ne an shigar da shi cikin takardar kwangila kanta. Shekara da shekaru, duk kwangilar hanya da ta kai dala 10,000 tana ɗauke da sharuɗɗa a rubuce. An ce ɗan kwangila ya naɗa jami'in da zai lura da wannan sha'ani. Ya tara shugabannin aikinsa ya yi musu bayani kafin a fara aiki, ya kuma maimaita aƙalla kowane wata shida. Ya riƙa duba albashi don kada biyu su yi aiki ɗaya a biya su daban. Ya ajiye takardunsa shekara uku bayan an gama biyansa, ya kuma ba da lissafin ma'aikatansa kowane watan Yuli. In ƙungiyar ƙwadago ta kasa kawo masa mata ko 'yan tsiraru, wannan bai zame masa uzuri ba, sai ya nemo da kansa. Ƙananan 'yan kwangilar da ya ba aiki su ma sharuɗɗan sun hau kansu.

To, ran 21 ga Janairu, 2025, kwana ɗaya da komawarsa mulki, Shugaba Donald Trump ya soke umurnin Johnson. Hujjarsa ita ce cancanta kaɗai ta kamata a duba, kuma fifita wani saboda launi ko jinsi shi ma bambanci ne. Wannan hujja ba abin yarwa ba ce, domin babu mai hankalin da zai so a damƙa ginin gada a hannun wanda bai iya ba. Sai dai akwai abin da ta tsallake. Ba a haifar mutum da iya tuƙin katafila, koyo ake yi. Wanda aka hana shiga wurin koyo, ta ina zai nuna cancantarsa? Tallata gurbin aiki a fili, da buɗe ƙofar koyon sana'a, da ajiye lissafi, ba su rage wa gwani kome ba. Mai ɗaukar ɗan'uwa da aboki kaɗai suke takurawa.

Babban darasi kuwa shi ne, umurnin da ya yi kusan shekara 60 yana aiki, alƙalami ɗaya ya share shi cikin yini guda. Amma dokar 1964 da ta 1968 ba su faɗi tare da shi ba, domin abin da Majalisa ta kafa, sa hannun shugaba kaɗai ba ya rushe shi. Haƙƙin da ya dogara ga ra'ayin mai mulki aro ne, ranar da mai shi ya so zai karɓe abinsa.

Ya kamata ma'aikatan gwamnati masu tsara kwangila, da ɗaliban da za su gaje su gobe, su riƙe abu uku. A kafa haƙƙin ma'aikaci cikin doka. A rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin takardar kwangila. A kuma aika mai dubawa wurin aiki, wanda rahotonsa zai iya tsayar da biya. In an yi haka, wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.