Masu "danna sau ɗaya an gama", ku matso kusa

1/ Jiya wani ya ce min wai ɓata lokaci ne mutum ya girka MediaWiki da hannunsa a kan Linux, tunda kamfanonin hostin suna da maɓallin da za ka danna a gama maka. Na yi shiru a wurin don ya girme ni. A nan kam ba zan yi shiru ba. 🧵

2/ Ni ma da maɓallin na fara. Wiki na ƙungiyar ɗalibanmu, tsofaffin tambayoyin jarrabawa da bayanan darussa. Bayan wasu watanni na leƙa, sai na tarar da tallan caca ya cika shafuka. Kuma wallahi ban ma san inda fayil ɗin saiti yake ba.

3/ Laifin wa? Nawa. Amma ku ji: in da hannu ka girka, shi mai girkawar zai tambaye ka, kowa ne zai iya gyara, ko sai mai rajista, ko sai wanda ka amince da shi, ko wiki na sirri kake so. Maɓallin nan bai tambaye ni ba. Ya zaɓar min, ya bar ƙofa a buɗe.

4/ Kuma aikin da ake tsoratar da ku da shi fa? Abu uku ne: Apache ko Nginx, PHP, da rumbun bayanai irin MariaDB. In ƙaramin wiki ne, SQLite ma ya isa. Ka sauko da ƙunshin daga mediawiki.org, ka kwance shi da tar, ka buɗe mw-config a burauza.

5/ Zai tsaya ya ce babu intl ko mbstring ko xml. A nan mutane ke guduwa. Haba malam! Gaya maka yake abin da ya rage, ka saka da apt ka ci gaba. A ƙarshe ya ba ka LocalSettings.php. Ka karanta shi layi-layi. Nan ne za ka ga $wgLanguageCode, ka sa "ha".

6/ Manhajar da ke ɗauke da Wikipedia ce fa, har da ta Hausa, kuma kyauta take ƙarƙashin lasisin GPL. An buɗe maka tukunya ka ga abin da ke ciki, kai kuma ka ce a rufe a zuba maka kawai?

7/ Na yarda, akwai wahala. Data na da tsada, NEPA na ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. In rumbun bayanai ne matsalarka, ɗauki DokuWiki, a fayiloli yake ajiye komai. Wannan uzuri ne, na karɓa.

8/ Wanda ban karɓa ba shi ne masu koyar da chmod 777 duk lokacin da hoto ya ƙi hawa. Kun ba kowa makullin ɗaki kenan. Jakar images kawai za ka mallaka wa www-data.

9/ Ranar sabuntawa ake gane waye waye. 1.39 ta fito a 2022, 1.43 a 2024, duka masu dogon tallafi. Ka kwafe rumbunka da mysqldump, ka kwance sabon ƙunshi, ka mayar da saitinka da hotuna, sannan php maintenance/run.php update. Mai maɓalli kuwa sai dai ya tura wa kamfani saƙo ya zauna jira.

10/ Namu na sake girka shi daga tushe, na rufe gyara ga marasa rajista, na kunna QuestyCaptcha da tambaya cikin Hausa. Har yau mai tallan caca bai amsa ta ba. 😂