Allah ya raba gado, amma bai ce ka ɓoye dukiyarka ba



Maganar yau ba ta da daɗi, amma sai mun yi ta. A garuruwanmu mutum yana iya gina gida uku, ya sayi fili biyar, ya je Makka sau biyu, amma in ka ce masa, "Alhaji, rubuta abin da ka mallaka," sai ya haɗe fuska, wai kana yi masa fatan mutuwa. To mu dai ba mu taɓa jin wanda takarda ta kashe ba. Waɗanda rashin takarda ya kassara kuwa, ku je ƙofar gidan shari'a ko fadar sarki da safe ku gan su: mata da goyo, ba su daɗe da fita takaba ba, suna neman wanda zai shaida cewa gidan da suka yi shekara ashirin a ciki na mijinsu ne.

Hujjar da aka fi kawo mana ita ce, "Allah ya riga ya raba gado, mi za mu ƙara?" Gaskiya ne, ya raba, kuma ba mai canza ko tamma guda. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu da 'ya'ya maza biyu da mata uku, bayan an biya bashi saura sefa miliyan 8. Matan aure suna da tumuni, miliyan 1 ke nan, kowace jaka 500. Sauran miliyan 7, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Malami ba zai yi minti biyar bai gama wannan lissafi ba.

Amma wa zai faɗa wa malamin cewa miliyan 8 ne? Nan gizo ke saƙa. Shari'a tana raba abin da aka ajiye gabanta. Ba ta san filin da ka saya da sunan abokinka ba. Ba ta san shanun da ka ba makiyayi kiwo ba, ko kayan da ka ba wani bashi a kasuwar Dole ko Katako, ko kuɗin da ke cikin wayarka wanda kai kaɗai ka san lambar sirrinsa. Ɗan Adar da ya rasu a Abijan ko Libiya, sau da yawa jarinsa yana hannun wani ɗan garinsu. In mai tsoron Allah ne ya kawo. In ba haka ba, shi ke nan, marayu ba su ma san an cuce su ba.

Kuma kada a fake da addini, don addini ba ya bayan masu ɓoyo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Hadisi ingantacce ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Malamanmu kullum suna karanta mana jerin: a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, sannan a raba gado. Dan Allah, bashin da ba wanda ya san da shi, yaya za a biya? Kai da ke gudun biro da takarda, wuyanka ka bari a ɗaure.

Akwai wurare biyu da rashin sani ke yi mana ɓarna ƙwarai.

Na farko, jikoki marayu. Ɗanka ya rasu kana raye, ya bar yara a gidanka. Ran da ka rasu, muddin kana da wani ɗa namiji a raye, waɗannan jikoki ba su da gado. Ƙofar da shari'a ta buɗe maka ita ce wasiyya: kana da iko har sulusin dukiyarka ga wanda ba magajinka ba. In ba ka yi ba, ka bar su ga tausayin baffanninsu, kuma duk mun san yadda tausayi ke ƙarewa in gero ya yi tsada. Haka agola, haka ɗan riƙo, haka yaron shagon da ya yi maka shekara goma sha biyar.

Na biyu, kyautar baki. "Hajiya, wannan gida na ba ki." An faɗa a ɗaki, ba shaida, ba takarda, Alhaji ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya koma ga Allah. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kyautar da ba a karɓe ta ba kafin mai kyauta ya rasu ta koma cikin gado. Kuma ba za ta wuce da sunan wasiyya ba sai da yardar sauran magada, tunda mata magajiya ce. In da gaske kake, ba ta tun kana da lafiya, ka kira shaidu, ka canza sunan takarda, ka sakar mata mabuɗi.

Yanzu mu juyo ga manyan 'yan'uwa, masu cewa, "Kada a raba, gida zai watse." Shekara goma gona tana hannun babban wa, shi ke noma, shi ke sayarwa, ƙannensa mata suna samun damin gero ɗaya da kaka kamar sadaka. In mace ta buɗe baki a ce ba ta da kunya, tana son raba zumunta. Wa ya raba zumunta, wadda ta nemi haƙƙinta ko wanda ya zauna a kai? In ba ƙira, mi ya ci gawayi? Mun san ƙasa ta yi ƙunci. Mu da ba mu kai miliyan 4 ba a 1960, ƙidayar 2012 ta same mu sama da miliyan 17, gonaki kuwa ba su haihuwa. A kudancin Maraɗi akwai matan da ko gamana ba su da ita yanzu. Amma ƙuncin ƙasa bai shafe ayar gado ba. In gona ba ta rabuwa, a yi mata kuɗi, a biya mace rabonta, ko a rubuta kasonta a cikin amfanin gona. Jinkiri kuwa ninka rigima yake: magada bakwai na yau, in an bari suka mutu, su ne arba'in na gobe.

Wasu za su ce takarda aikin masu kuɗi ne da 'yan lekol. A'a. Mai miliyan ɗari ko an cuci iyalinsa za su samu na tuwo. Mai gona ɗaya da awaki shida, in aka karɓe, mi ya rage? Kuma hanya tana nan. Tun dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 aka tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ake kira COFO, daga ƙauye zuwa komin har zuwa gunduma. Suna ba da shaidar mallakar gona, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro da jingina. Aro da jingina musamman: gonaki nawa aka ara da baki, bayan tsofaffin sun kau jikokin mai aro suka ce ta kakansu ce?

Ma'aikata ma ba su tsira ba. Kotunanmu suna bin al'adar mamaci a sha'anin gado, amma banki da CNSS takarda suke karɓa: ta mutuwa, ta aure, ta haihuwar yara, ta zaman dangi, da ta shaidar magada daga kotu. Amaryar da aka ɗaura wa aure a ƙofar gida ba a kai meri ba, halal ɗin matarka ce, amma za ta sha rana kafin ta tabbatar da haka. Abin da za ka gama da safiya guda, ita sai ta yi watanni tana yawo a kansa.

Saboda haka, Alhaji, Malam, Hajiya mai adashi da awaki, kai ma matashi mai kabu-kabu: a sayi littafi. A rubuta gida da fili da gona da dabba, da inda takardunsu suke. A rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da amanar mutane da ke hannunka don kada a raba ta cikin gado. A ware kayan mata, don saniyarta da gadonta da sadakinta ba naka ba ne. A ambaci wanda zai riƙi marayu. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. A sa shaidu biyu adalai su sa hannu, a ajiye kwafi wajen liman ko noter, a riƙa sabuntawa duk shekara lokacin fitar da zakka.

Limamanmu kuma, muna roƙonku, kada ku jira ranar addu'ar bakwai kafin ku yi wa'azin gado. Ran nan mai dukiyar ba ya ji. Ku faɗa masa ranar Juma'a, yana zaune a sahun gaba.

Allah ya sa mu cika da imani, ya tsare mu da cin haƙƙin maraya. Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai ji ba.