Shayin Mambila da Kenya: wa ke riƙe da sikeli?

Duk teburin mai shayi da ka zauna a Yelwa ko a Wara, yawancin ganyen da ake tafasa maka daga waje ya shigo, alhali muna da namu. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, ana noman shayi tun shekarun 1970, kuma masana'antar Kakara ce ke fitar da Highland Tea. Cibiyar binciken koko ta ƙasa, CRIN, ita aka ɗora wa binciken shayi, tana da reshe a Kusuku. Kada wani ya ce zai gwada a Shanga fa. Shayi na son sanyin tudu, ruwan sama mai yawa da ƙasa mai tsami. Zafin Yauri na watan Afrilu sai ya ƙone shi ƙurmus.

To me ya haɗa mu da shi? Ganyen shayi ba ya kwana. Ranar da aka tsinke shi ranar zai shiga masana'anta, in ba haka ba ya lalace. Ke nan mai sayen manomi ɗaya ne, kuma mai riƙe da sikeli shi ke yanke farashi.

Kenya ta daɗe tana kokawa da wannan. Turawa sun kai shayi can a 1903, suka hana 'yan ƙasa nomansa har shekarun 1950. A 1964 aka kafa hukumar KTDA domin ƙananan manoma. Yau sun haura dubu 600, kuma su ne masu hannun jari a masana'antun da suke kai wa ganye. Ana biyansu wata-wata, sannan bayan an sayar da shayin a kasuwar gwanjo ta Mombasa a ƙara musu kaso na biyu. Wannan kaso na biyun shi ne ruhin tsarin: in farashi ya tashi, manomi ma ya ɗanɗana. Amma bayan an mayar da KTDA kamfani a 2000, manoma suka yi ta kukan cewa kuɗin gudanarwa na cinye musu riba, shugabanni kuma sun kafe a kujera. Dokar shayi ta 2020 ta dawo da hukumar sa ido, kodayake wasu sassanta sun sha ja-in-ja a kotu. Wato mallakar masana'anta kaɗai ba ta isa ba, sai an san mai duba littafin kuɗi.

Mu kuwa tun 1986 aka rusa hukumomin sayen amfanin gona. NAFDAC na duba abin da ke cikin kwali, ba ruwanta da abin da aka biya manomi.

Albasar Yauri da ɗanyen kifin Kainji ma ba sa jira, shi ya sa dillali ke cin karensa babu babbaka. Shinkafa na ajiyuwa, amma wanda ya ci bashin taki dole ya sayar da kaka. Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, ƙungiyoyi da dama sun saba ƙulla yarjejeniya da kamfanonin casa. A ganina, kada shugaban ƙungiya ya sa hannu sai takarda ta faɗi wanda zai auna, nawa za a cire saboda danshi, da ranar biya. Ƙungiya ta sayi sikelinta ko da karo-karo ne, a auna kowane buhu a gaban mai shi kafin a loda mota.