Karatu a Kanada: Me ya sa takardar gurbi daga Jami'ar Toronto ba ta isa a fara haɗa kaya ba?

A tsakiyar watan Janairun kowace shekara ne ake rufe karɓar takardun neman gurbin karatu na akasarin kwasa-kwasan digirin farko a Jami'ar Toronto, wadda ita ce jami'a mafi girma a Kanada. Jami'ar ta gwamnati ce, tana da harabobi uku da ɗalibai kusan 100,000, kuma tana cikin makarantun da matasan Najeriya ke hanƙoron shiga.

Hankalin masu neman karatu a waje ya ƙara karkata zuwa Kanada bayan da gwamnatin Amurka ta sanar a watan Disambar 2025 cewa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza, ciki har da ta ɗalibai, ta kuma sanya Nijar cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga baki ɗaya.

Sai dai Kanadar ma ta tsuke ƙofarta. Ɗalibin da ya samu takardar gurbi a yau, ƙofa ɗaya kawai ya wuce cikin uku. Sauran biyun, wato kuɗi da izinin gwamnati, su ne suka fi tsauri, kuma su ne iyalai da dama ke bari sai a ƙarshe.

Yadda ake neman gurbin

Mai neman digirin farko yana cike takarda ne ta intanet, ta hannun cibiyar OUAC da ke karɓar buƙatun shiga jami'o'in lardin Ontario. Daga nan jami'ar ke buɗe masa shafinsa, inda zai loda sakamakon jarrabawa da bayanan makarantar sakandare. Wasu tsangayoyi, kamar na injiniyanci da kasuwanci, suna neman ƙarin bayani a kan ɗalibin ban da maki.

Wanda aka buƙaci ya nuna shaidar iya Turanci, jami'ar na karɓar jarrabawar IELTS da jimillar maki 6.5, ba tare da ya gaza 6 a kowane ɓangare ba.

Akwai batun lokaci. Sakamakon WAEC kan fito ne a wajen watan Agusta, karatu kuma yana farawa a Satumba. Ɗalibin da ya jira sakamakonsa ya fito kafin ya fara nema, ya riga ya rasa wannan shekarar.

Haka nan bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin fasfo da takardar WAEC da lambar NIN na iya jawo tsaiko. Gyara irin wannan kan ɗauki lokaci, don haka ya fi dacewa a yi shi kafin a taɓa takardar neman gurbi.

Jami'ar gwamnati, kuɗin baƙo

A Najeriya, idan aka ce jami'ar gwamnati, abin da ke zuwa zuciya shi ne sauƙin kuɗi. A Kanada wannan sauƙi na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin.

Ɗan lardin Ontario da ke karatu a tsangayar fasaha da kimiyya ta Jami'ar Toronto yana biyan kusan dalar Kanada 6,100 a shekara. Baƙon da ke zaune kusa da shi a aji ɗaya yana biyan sama da dala 60,000, kusan ninki goma.

Wannan tazara tana da dalili. A 2019 gwamnatin Ontario ta rage kuɗin karatun 'yan ƙasa da kashi 10 cikin 100, sannan ta hana a ƙara shi na tsawon shekaru. Kuɗin da ake cajin baƙi kuwa ba a ƙayyade shi ba. Da haka jami'o'i da kwalejojin lardin suka dogara da ɗaliban waje wajen cike giɓin kasafinsu.

Wato a tsarin digirin farko, ana sa ran baƙo ya zo da kuɗinsa ne. Tallafin gwamnati da bashin karatu da 'yan ƙasa ke samu ba su shafe shi ba.

Ban da kuɗin makaranta, hukumar shige da fice ta Kanada na buƙatar ɗalibi ya nuna yana da kuɗin rayuwa na shekara guda. Shekaru da dama adadin dala 10,000 ne. A watan Janairun 2024 aka mayar da shi dala 20,635, sannan daga 1 ga Satumbar 2025 ya koma dala 22,895 ga mutum ɗaya, ban da kuɗin jirgi.

Idan aka haɗa, shekarar farko na neman kusan dala 83,000. Ko da an ƙaddara dalar Kanada ɗaya naira 1,000 ce, ana maganar naira miliyan 83 ke nan, kuma a shekara huɗu lissafin ya haura naira miliyan 300. Iyalan da suka tura 'ya'yansu kafin watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sun ga yadda nauyin da suka ɗauka ya ninka alhali karatun bai ƙare ba.

Aiki zai iya biyan kuɗin?

Wasu na tafiya da tunanin cewa idan an samu an biya zangon farko, ɗalibi zai yi aiki ya biya sauran. Lissafi bai goyi bayan wannan ba.

Tun daga Nuwambar 2024, doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin sa'o'i 24 a mako a wajen makaranta lokacin karatu, sai a lokacin hutu ya yi cikakken aiki. Mafi ƙarancin albashi a Ontario daga Oktoban 2025 dala 17.60 ne a sa'a. Wannan na nufin kusan dala 1,700 a wata kafin a cire haraji, a birnin da ke cikin mafiya tsadar haya a ƙasar.

Kuɗin zai taimaka wajen abinci da ɗaki, amma ba zai kusanci dala 60,000 ba. Wanda kuma ya wuce sa'o'in da aka ƙayyade ya karya sharaɗin izininsa, kuma hakan na iya sa ya rasa shi.

Ƙofar gwamnati

A ƙarshen 2023 ɗaliban waje a Kanada sun haura miliyan ɗaya. Ƙorafi a kan ƙarancin gidaje da tsadar haya ya sa ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sanar a Janairun 2024 cewa za a ƙayyade yawan takardun izinin karatu da ake bayarwa. Tun daga lokacin ake ta rage adadin, kuma shirin gwamnati na 2026 ya tsayar da sababbin ɗaliban da za su shigo a kan 155,000.

Ƙayyadewar ta zo da sabuwar takarda da ake kira PAL, wadda lardi ke bayarwa ta hannun makaranta don tabbatar da cewa ɗalibin na cikin kason da aka ware wa lardin. Mai neman digirin farko da ya miƙa buƙatarsa babu ita, za a mayar masa da takardunsa.

A ranar 8 ga Nuwambar 2024 kuma aka rufe tsarin Nigeria Student Express, wanda ke hanzarta duba takardun 'yan Najeriya. Yanzu kowa na bin layi ɗaya.

Jami'in biza yana duba abubuwa biyu musamman: ko kuɗin da aka nuna na gaske ne kuma an san asalinsu, da kuma ko mai neman zai bar ƙasar idan izininsa ya ƙare. Ana neman bayanan banki na watanni huɗu da suka gabata, saboda haka miliyoyin da suka faɗo asusu dare ɗaya kan jawo tambaya.

A nan ne dillalai ke samun kasuwa, inda wasu ke aro wa mutum kuɗi a asusu ko su haɗa masa takardu. Tun daga Disambar 2023 makarantu na tabbatar wa hukumar shige da fice sahihancin kowace takardar gurbi kai-tsaye, bayan badaƙalar takardun bogi da ta rutsa da ɗalibai daga Indiya. Hukuncin gabatar da bayanan ƙarya shi ne haramcin shiga Kanada na shekara biyar, kuma sunan da ke kan takardar ne ke ɗaukarsa, ko da dillali ne ya cike ta.

Ina sauƙin yake?

Ga ɗalibin sakandare mai hazaƙa, akwai tallafin Lester B. Pearson na Jami'ar Toronto, wanda ke biyan kuɗin makaranta da littattafai da masauki na shekara huɗu. Kusan ɗalibai 37 ne ke samunsa a shekara daga duk faɗin duniya.

Ɗalibi ba ya nema da kansa sai makarantarsa ta gabatar da shi, kuma kowace makaranta mutum ɗaya take gabatarwa a shekara, watanni kafin wa'adin Janairu. Makarantar da ba ta yi rajista da jami'ar ba, ɗalibanta ba sa cikin takarar komai ƙoƙarinsu. Wannan aiki ne na shugabannin makarantu.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta digiri na biyu da na uku. Daga Janairun 2026 an ɗauke wa masu neman waɗannan digirori a jami'o'in gwamnati buƙatar takardar PAL. Jami'ar Toronto kuma ta ɗaga mafi ƙarancin tallafin da take bai wa masu digirin digirgir zuwa dala 40,000 a shekara, haɗe da kuɗin makaranta, daga zangon ƙarshen 2025.

Su ne kuma aka fi sassauta wa wajen tafiya da iyali. Tun daga 21 ga Janairun 2025, izinin aiki ga mata ko mijin ɗalibi ya taƙaita ga masu digiri na uku, da masu digiri na biyu da ya kai wata 16, da wasu kwasa-kwasan ƙwararru.

Abin da sauye-sauyen ke nunawa shi ne Kanada ta fi son masu bincike a kan masu neman digirin farko. Ga matashin da iyayensa ba su da ɗaruruwan miliyoyi, kammala digirin farko a Kano ko Zariya ko Maiduguri da sakamako mai kyau, sannan ya nemi gurbin bincike mai tallafi, ya fi kusa da yiwuwa.

Iyalan da suka zaɓi digirin farko kuwa, lissafin shekara huɗu da sharuɗɗan biza ne ya kamata su fara zama a kansu. Kuɗin neman gurbi da na jarrabawar Turanci da dala 150 na neman izinin karatu ba sa dawowa idan aka ƙi bayar da bizar, haka ma gona ko filin da aka sayar.