Bindiga a kwali, albarushi a mota: darasi ga masu aika saƙo

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wata tambaya da aka yi mana a gidan rediyo. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta kira, ta ce ɗanta ya nuna mata a cikin waya cewa a Amurka mutum yana aika kuɗi daga ɗakinsa, a kawo masa bindiga har ƙofar gida kamar yadda ake kawo turmin zane. Ta ce wai gaskiya ne? Muka ce mata gaskiya ne, amma rabin labari ɗanta ya ba ta. Sauran rabin kuwa shi ne ya fi shafar mu.

A da can, a Amurka, kusan kowace irin bindiga ana sayen ta ta gidan waya. A watan Maris na 1963 wani mutum mai suna Lee Harvey Oswald ya yanke takardar talla daga wata mujalla, ya rubuta sunan ƙarya, ya aika da dalar Amurka 21 da ƴan kai zuwa wani kanti a birnin Chicago. Aka aiko masa da bindiga ta akwatin gidan waya a birnin Dallas. Ran 22 ga Nuwamba na wannan shekarar, da ita aka kashe shugaba John Kennedy. Duk da haka sai a 1968, bayan an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, aka yi dokar da ta hana aika bindiga kai tsaye ga mai saye. Tun daga lokacin, wanda ya sayi bindigar zamani daga nesa, kantin dillali mai lasisi ake kai masa ita, ya je da kansa ya cika takardu. Yau har binciken tarihinsa ake yi kafin a miƙa masa.

Amma dokar ta bar wata ƙofa a buɗe. Bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonta, da irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki kamar ta mahalbanmu, dokar tarayya ba ta lissafa su cikin bindigogi ba, tsofaffin kaya take kiran su. Ga shi kuwa har gobe ana ƙera sababbi fil. Kamfanonin Italiya irin su Pietta da Uberti da Pedersoli, a yankin Brescia, suna kwaikwayon tsofaffin bindigogin Colt da Remington na shekarun 1850, suna turawa Amurka. Mai saye ya zaɓa a intanet ko cikin littafin talla, ya biya. A shafa wa bindiga mai, a naɗe ta ba ɗuri, a sa a kwali, motar kamfanin kai saƙo ta kawo har gida. Galibin kantuna suna neman babban mutum ya sa hannu kafin a ajiye kwalin. Wasu jihohi, kamar New Jersey da Illinois, sun ƙi yarda da wannan sassauci, don haka mai kanti yakan duba adireshi kafin ya ɗaure kaya.

A nan mu dai ba mu tare da Amurkawa. Bindiga bindiga ce. Wanda dalma ta shiga cikinsa ba ya tambayar shekarar da aka ƙera ta. Gaskiya ne ɗurin ta yana cin lokaci, kuma yawancin masu sayen ta mahalba ne da masu sha'awar tarihi. Amma a ce abin da ke kashe barewa a kai shi ƙofar wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba, wannan ganganci ne.

To, ga sauran rabin labarin. Mutanen nan da suka sassauta wa bindiga, ba su sassauta wa albarushi ba ko kaɗan. Gidan waya na gwamnati ba ya karɓar sa sam. Ba ya hawa jirgin sama. Kamfanoni masu izinin ɗaukar kaya masu haɗari ne ke kai shi ta ƙasa, kuma mai saye yana biyan wani kuɗi na daban saboda haɗarin. A irin wannan aike, kowane gwangwani bai wuce giram 454 ba, wato ƙasa da rabin kilo. Kwali ɗaya ba ya ɗaukar fiye da gwangwani 25. Mota guda, komi girmanta, ba ta ɗaukar fiye da kilo 45. A jikin kwalin akwai alama da ke gaya wa direba da mai loda kaya cewa wuta ce a ciki. Saboda haka bindiga da abincinta ba su zuwa tare. Kowa da hanyarsa, kowa da takardarsa.

Dalili kuwa a fili yake. Bindigar da ba ɗuri ƙarfe ne da itace, ko ta faɗo daga mota ba ta yin komi. Albarushi kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ba ya bukatar mai mugun nufi, guntun taba ko wayar lantarki da ta goge ta wadatar.

Yanzu mu dawo gida. Albarushi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar ayarin Tarabulus, har igwa aka ƙera masa a Zinder. Har yau mahalba suna da bindigoginsu, kuma ƴan bindigar sarki suna cika gari da hayaƙi ranar hawan salla. Ba mu da faɗa da al'ada. Tambayarmu ita ce: ta wace hanya wannan garin baƙi yake tafiya daga gari zuwa gari?

Dukanmu mun san yadda ake aika saƙo a tasha. A kawo kwali an ɗaure da igiya, an rubuta lambar waya a kai. Ɗan kamasho ya karɓa, karen mota ya cusa shi ƙarƙashin kujera ko ya ɗora a sama tsakanin jarkar man fetur da tukunyar gas. Idan an tambaya mi ke ciki, a ce "ƴan kaya ne". Sai mota ta ɗauki hanyar Maraɗi zuwa Tawa cikin zafin watan Afrilu, da mata da goyo a ciki. Haka ma a kasuwa: maƙwabci ya ce, "Hajiya, ajiye mini wannan zuwa la'asar," ki tura shi ƙarƙashin tebur kusa da murhun mai shayi, don kunya ta hana ki tambaya.

Mun san abin da wuta ke yi wa ɗan kasuwa. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa, ta sake kamawa a 2009. Ba mu ce albarushi ne ya haddasa waɗannan ba. Abin da muke cewa, rumfunan da ke manne da juna, cike da yadi da leda da mai, ba su bukatar a ƙara musu ko da gwangwani ɗaya.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, direba da ɗan kamasho da mai rumfa, kada ku karɓi kwalin da ba a buɗe muku ba. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Wanda ya ji haushin ta, ya ɗauki kayansa. Na biyu, shugabannin tasha da na kasuwa su zauna da sarakunan mahalba su tsai da magana: albarushi kada ya hau motar fasinja, kada ya kwana cikin kasuwa, kuma kada ya yi tafiya jaka ɗaya da bindiga. Na uku, iyaye mata ku ja kunnen samari masu sayayya a intanet. Dokar Amurka a Amurka ta tsaya. A Nijar shigo da makami ba da izinin hukuma ba laifi ne, kuma sunan da ke jikin kwalin shi duwan da jandarma za su nema. Sau da yawa sunan mai kanti ne, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Amurkawa sai da suka rasa shugaba kafin su gyara rabin dokarsu. Mu kada mu jira sai mota ta tashi da mutane kafin mu koyi buɗe kwali. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya ba da kasuwa mai albarka.