Kwamfuta Mai Aiki Biyu: A Tambayi Mai Gyara Kafin A Biya

Tun da kamfanin Microsoft ya fito da Surface Pro a shekarar 2013, irin kwamfutar nan da ake cire madannanta ta koma ta hannu take ɗaukar hankalin 'yan kasuwa. Amma faɗuwar darajar naira daga shekarar 2023 ta sa tilas mai saye ya yi nazari. Sau da yawa madannan daban ake sayar da su, gilashin fuskar kuwa manne yake da gam. Idan ya fashe, ko a Computer Village ta Ikeja gyaransa ba na arha ba ne. Wanda aikinsa lissafi ne da wasiƙu, kwamfutar cinya ta ishe shi, ya sa rarar kuɗin a batirin ajiyar wuta.